Kujerar Farko a Jirgin Abu Nasir

Duk abin da zan manta a zamana na Riyadh, ba zan manta da ranar da aka karrama ni da kujera a jirgin ƙarƙashin ruwa ba, ni da ko a kududdufin unguwarmu ruwa bai taɓa wuce min gwiwa ba. Abokan aikina na yanzu sun sha jin gutsattsarin labarin, kowa yana ƙara masa gishiri, shi ya sa na ga gara in ba da shi da bakina daga tushe.

Sunana Hamisu, mutumin Funtuwa. Na yi shekara goma sha ɗaya a wata warsha, wato wurin gyaran injuna, da ke Birnin Masana'antu na Biyu, can kudancin Riyadh, inda muke ce wa Sana'iyya. Aikinmu na yau da kullum gyaran famfunan rijiyoyin gona ne, irin waɗanda ake zura su can ƙasan rijiya da wayarsu. Ni ne mu'allim na ɓangaren lantarki, wato babban ma'aikaci, kuma ni ke riƙe da injin feƙe ƙarfe. Mai warshar shi ne Abu Nasir, injiniya ne da ya yi ritaya, shi ne kuma kafilina, wato da sunansa aka yi min iƙama, takardar zama a ƙasar. Mutum ne mai fara'a da son baƙi, amma in ya sa abu a ransa, sai dai ka kauce masa.

Abin da ya sa a ransa kuwa gawwasa ce, haka suke kiran jirgin ƙarƙashin ruwa da Larabci. Shi da abokansa biyu suka haɗa kai, kowa yana ƙera tasa. A Riyadh fa, garin da in kana son ganin teku sai ka yi tafiyar awa huɗu a mota ta cikin yashi. Ranar da ya fara nuna mana zanen na ɗauka raha yake yi, har na taya shi dariya. Bayan shekara biyu ga ta nan kwance a bayan warsha, kamar babbar tukunyar gas da aka yi wa tagogi, tana cin mutum biyu a zaune, gwiwa na gugar gwiwa. Wanda ya yi mata walda shi ne Malam Isuhu, dattijo daga Maradi, wanda ya riga ni zuwa warshar da shekara tara.

Nawa aikin shi ne wuta, bari kuma in yi bayani don wanda ba sana'arsa ba ce. Batura da makunnai suna cikin jirgi. Farfela da fitilu suna waje, cikin ruwa. Dole waya ta ratsa jikin ƙarfen, kuma ba hudawa za ka yi ka zura ka liƙe ba kamar yadda ake shigo da wayar eriya ta taga, don in jirgi ya nutse, ruwa matsa shi yake ta kowane gefe yana neman kafa ko ta kai silin gashi. Saboda haka ake yin wani abu da muke kira fish. Kamar ƙaton bolti yake na tagulla, da allurai na jan ƙarfe da suka ratsa tsakiyarsa, an daskarar da su cikin gam mai tauri. Waya ɗaya ta kama allura daga ciki, ɗaya ta kama daga waje. Ana murɗa shi cikin hujin da aka yi masa har kansa ya danne wani zoben roba. Wannan zoben shi ne duk abin da ke tsakaninka da teku.

Huji bakwai ne a jikin gawwasar Abu Nasir, fish ɗinsu kuwa iri huɗu ne. Biyu ya sayo su a wata tafiya da ya yi Turai, ɗaya wani ya aiko masa, sauran huɗu ni na feƙe su, biyu a shekarar farko, biyu a ta biyu, ban ma yi su girma ɗaya ba. Na abokansa kuma kowa da nasa salon. Tsarin allurai ma haka, kowa yadda ya ga dama. Akwai ranar da muka yi aron wata waya daga gawwasar abokinsa, na danna makunnin fitila, sai farfela ta ɗauka, ta fizge hiramin Malam Isuhu ta nannaɗe. An yi dariya, aka wuce. Sau ɗaya na taɓa ce wa Abu Nasir ya kamata a mayar da su duka iri ɗaya, ya ce, "Ba'den, ya Hamisu," wato sai nan gaba. Ni ma ban sake tayar da maganar ba, don a raina jirgin mudir ne, wato maigida, ba nawa ba.

A shekarar da aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar, bayan Babbar Sallah, zafi ya fara sassautawa, Abu Nasir ya sa ranar gwaji. Za a ɗora gawwasa a tirela a kai ta gaɓar teku ta gabas, a nutsa ranar Asabar. Ranar Litinin ina duba wayoyi sai na ga ɗaya daga cikin fish ɗin Turai ya tsage. Babu irinsa a kasuwa, kuma ba ni da tagullar da zan feƙe wani kafin lokaci.

Labari ya kai kunnen Dokta Abu Khalid, likitan haƙori, babban amininsa kuma ɗaya daga cikin masu gawwasa. Washegari da hantsi sai ga shi da ɗan akwati an naɗe shi da kyau. Aka shimfiɗa darduma a ofis, aka kawo gahawa da dabino, aka yi gaisuwa ta kusan minti goma, sannan ya miƙa akwatin da hannu biyu. Fish ne sabo fil, yana ƙyalli. Daga jikin gawwasarsa ya kwance shi, ya bar tasa da huji don ta abokinsa ta riga tasa shiga ruwa. Abu Nasir ya tashi ya rungume shi, idonsa har ya kawo ruwa. Sannan ya ƙwala min kira.

"Ya Hamisu, zo ka ga hadiyyar Dokta. Yalla, ɗaura shi yanzu mu gani."

Muka ɗunguma bayan warsha, su biyu suna tsaye a kaina. Na sa shi a huji na fara murɗawa. Ya shiga sumul, zagaye ɗaya, biyu, uku, huɗu. A na biyar sai ya cije. Duk wanda ya daɗe yana murɗa ƙarfe ya san bambancin abin da ya zauna da abin da ya cije, a tafin hannu ake jin sa. Nan take na gane abin da ke faruwa. Hujinmu da milimita aka yanka haƙoransa, fish ɗin Dokta kuma da inci, akwai kuwa wani girma da su biyun suke kusa da juna ƙwarai, har ido ba ya rabe su. Zai shiga, zai yi tauri, za ka rantse ya kama. Amma haƙoran ne suka sarƙe tun kafin kansa ya danne zoben roba.

Na ɗaga kai na dube su. Dokta yana murmushi, hannunsa a kafaɗar abokinsa. Ya ce, "Kaif? Mazbuɗ?" Wato yaya, ya yi daidai?

A ƙasar nan ba a kushe kyauta, balle a gaban mai ita, balle kuma ma'aikaci ya kushe kyautar da aka yi wa kafilinsa. Na ɗauko sifana na ƙara masa rabin zagaye, na lafta gam a gefensa har ya yi kyan gani, na ce, "Mazbuɗ, ɗal umrak," wato daidai, ranka ya daɗe. Dokta ya ce mumtaz, wato madalla, aka koma shan gahawa. Da yamma na hau motar ma'aikata zuwa Shumaisi, unguwar da nake kwana, na ci tuwon da maƙwabcina ya tuƙa mana, na yi barcina lafiya lau. Ku riƙe wannan, don zan dawo kansa.

Ranar Laraba da safe Abu Nasir ya tara mu duka, mu goma sha huɗu, a gaban gawwasa. Ya yi godiya, ya yabi waldar Malam Isuhu, sannan ya ce kujera biyu ce a ciki, ɗaya tasa. Ɗayar kuwa 'yan'uwansa sun nema, Dokta ma ya nema, amma ya yi tunani ya ga babu wanda ya cancanta kamar mutumin da ya ɗaura wayoyinta da hannunsa. "Hamisu, kai ne za ka fara shiga tare da ni. Mabruk!"

Aka ɗauki tafi. Wani Bafilipine ya buga min baya, 'yan Indiya suna ta miƙo hannu. Ni kuwa ba abin da ya faɗo min a rai sai fish ɗin Dokta. Na buɗe baki in ce ban iya iyo ba, sai na tuna a ƙarƙashin ruwa mita goma cikin rufaffiyar tukunya, iya iyo ba ya ƙara wa mutum komai. Na ce na gode, murya kamar ta wanda ya shekara yana jinya. Karramawa ce, ita ma ba a mayar da ita.

Lokacin abincin rana na kasa cin komai. Malam Isuhu ya zauna kusa da ni da ledar shinkafarsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Injiniya, mi ya hwaru? An ba ka kujerar sarauta kana zaune kamar wanda anka kama da akuyar sata."

Na gaya masa komai, har da gam ɗin da na lafta. Ya haɗiye lomarsa, sannan ya ce, "To jiya mi ya hana ka hwaɗi?"

"Malam, a gaban Dokta? Ka san halin mutanen nan. In mudir ya ji kunya a gaban amininsa, iƙamata saura wata biyu ta ƙare."

"Awo. Yau kuma da ya zan kai ka shiga, bakin ya buɗe." Ya yi 'yar dariya, ni ban ga abin dariya ba. Sai ya ce, "Ji nan. Kada ka tahi ka ce na Dokta ba shi da kyau. Ka ce tunda an ba ka girma, kana roƙon a gwada dukkansu bakwai ɗin, naka da nasu. In anka auna kowa, ba wanda anka nuna da yatsa."

Muna da abin gwajin famfo a warsha, muna ce masa tukunya. Guntun bututu ne mai kauri da murfi, ana cika shi da ruwa a matsa da famfon hannu, geji yana nuna maka nauyin ruwan kamar an nutsa mita kaza. Bayan Azahar na shiga ofis na ce wa Abu Nasir ina so in yi wa tukunyar murafai masu huji irin na jikin jirgi, kowane fish da irin hujinsa, in gwada fish ɗin bakwai ɗaya bayan ɗaya, kuma zai yi kyau a gayyaci Dokta ya gani, ko zai so ya yi wa tasa. Ina magana ina kallon ƙafafuna. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce, "Mafi mushkila," wato ba damuwa. Ko tambaya ɗaya bai yi min ba.

Ranar Alhamis da safe aka hallara. Na kwance duka bakwai ɗin na jera a kan tebur. Dokar da na sa ita ce kowanne zai zauna minti goma sha biyar a nauyin mita sittin, ninki biyu na iyakar zurfin da aka ƙera jirgin ya kai, in sa farar takarda a ƙarƙashinsa, ko ɗigo ɗaya ya sauka ya faɗi. Da gangan na fara da nawa, don in nuna ba ni da mugun nufi, kuma in faɗi gaskiya, don in ɗan yi burga.

Na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Na sa na uku ina taƙama, na matsa famfo, allurar geji ta hau. Minti huɗu sai ga ɗigo a bakin allurar jan ƙarfe, ya taru, ya sauka a takarda, ɗis. Na huɗu ko minti biyu bai yi ba. Waɗannan biyun a tsakiyar bazara na zuba musu gam, zafin Riyadh ya sa ya daskare da wuri da kumfa a ciki, ruwa ya bi ta jikin allura ya fito abinsa. Kunya ta rufe ni. Malam Isuhu ya juya baya yana tari, amma kafaɗunsa ne ke rawa.

Na Turai guda ɗaya da ya rage ya wuce. Wanda aka aiko wa Abu Nasir ya yi gumi a minti na goma sha biyu. Sannan aka zo kan na Dokta. Wannan kam bai tsaya ɗigo ba. Geji bai kai mita takwas ba wani siririn ruwa ya tsarto ta ƙarƙashin kansa, ya tsallake tebur, ya sami Dokta a gaban farar rigarsa.

 Na ce a raina yau kam sai filin jirgin sama, a tasa ƙeyata gida. Dokta ya dubi rigarsa, ya dubi fish ɗinsa, ya dubi nawa guda biyu da ke gefe a cikin waɗanda suka faɗi, sai ya fashe da dariya har yana dafa tebur. Ya ce, "Ya Abu Nasir, ashe dukkanmu mun taru ne mu nutsar da kai!" Na yi maza na nuna masa cewa fish ɗinsa lafiyarsa ƙalau, a hujin gawwasarsa ba zai yi ɗigo ba, hujinmu ne ba nasa ba. Ya karɓa ya jujjuya, ya ce da ido ba zai taɓa ganewa ba. Na ce ni ma da hannu na gane. Ban ƙara da cewa tun shekaranjiya ba.

A wannan zaman aka soke tafiyar Asabar, aka kira na ukunsu a waya ya zo, aka yanke abin da na roƙa tun bara. Duk gawwasa ukun za su koma fish iri ɗaya. Girma ɗaya, haƙora na milimita, zoben roba irin wanda ake samu a kowane shagon kayan famfo a Sana'iyya. Allurai huɗu, kowace da aikinta da launin wayarta, da ɗan tsagi a gefe yadda ko a duhu ba za ka iya sa waya a juye ba. Gam sai da sassafe za a zuba, a ɗaki mai sanyi. Kowane fish a buga masa lamba, ya yi awa guda a tukunya, wanda ya gwada ya sa hannu. Na kuma feƙe wani ɗan ƙarfen awo guda uku, kowa ya riƙe ɗaya, duk hujin da bai karɓe shi har ƙarshe da yatsa biyu ba, ba a ɗaura masa komai. Aka rubuta dokar a takarda ɗaya da Larabci da Turanci, Malam Isuhu ya ce tunda Hausawa ne za su yi aikin sai an sa Hausa, na rubuta a ƙasa da biro.

Malam Isuhu ne ya fi kowa shan wahala, don sai da ya yanke tsofaffin hujin jirage uku ya yi wa sababbi walda. Sati shida yana yi yana mita, kullum sai ya ce min, "Injiniya, da ka yi magana tun hwarko da yanzu ina hutawa."

Da aka gama, aka ɗauki gawwasa zuwa gabas. Na yi alwala, na yi nafila, na kira matata a Funtuwa na yi mata hira mai daɗin da har ta tambaye ni ko lafiya. Aka rufe mu daga sama, ni da Abu Nasir. Ruwa ya hau taga, hasken rana ya koma kore, ƙarar duniya ta ɗauke. Shi yana kallon kifaye yana ta "Masha Allah," ni kuwa tocila ce a hannuna da guntun tsumma, ina bin fish ɗina bakwai ina shafawa. A mita goma muka zauna a kan yashi. Na shafa na bakwai, na duba tsumman, a bushe yake ƙayau. 

Abu Nasir ya kashe farfela, ya juyo gare ni, da ƙyar, don wurin ba ya juyuwa. Ya ce, "Ya Hamisu, ranar da ka ɗaura na Dokta, na ga hannunka ya tsaya a zagaye na biyar. Na ga fuskarka."

Na ce, "Ka gani, ɗal umrak? To me ya hana ka magana?"

"Abu Khalid abokina ne tun muna makarantar firamare. Ya kwance daga jirginsa ya kawo min. Da wane baki zan ce a gwada? Na jira ka zo ka same ni a ofis da yamma, ba ka zo ba. Shi ne na ba ka kujera."

 Na ce, "Da kuma na ci gaba da yin shiru fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai na san ba za ka yi ba. Mutum yana iya jin kunya a kan ran wani, amma ban da nasa."

Yana dariya ya faɗa, ba da faɗa ba, ya ma ci gaba da nuna min wani kifi mai ɗigo-ɗigo. Ni dai ban ga kifin ba. Abin da nake gani shi ne daren Talatar nan da na ce ku riƙe. Na san abin da na ɗaura, na san mutumin da zai zauna a bayansa, mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba, amma na ci na ƙoshi na yi barci har da minshari. Ban taɓa jin na raina kaina irin na ranar ba, kuma ba inda zan gudu, gwiwata na jikin tasa.

Na ƙara shekara biyar a warshar, fish ɗinmu kuwa har wasu masu irin wannan sha'awa daga Jidda sun zo sun kwafi takardar. Mutane suna yaba min wai na kawo tsari. Ni na san ba ilimi ne ya kawo shi ba, ilimin yana nan tun da can, tsoro ne ya fito da shi. Abin da na koya a kan sana'armu ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya kama aiki a ƙarƙashina: yawancin abin da muke ɗaurawa, wani ne zai zauna a bayansa, kuma ba zai taɓa sanin a zagaye na nawa ya cije ba. Kai kaɗai ka ji shi a hannunka. In ka ji, faɗa a ranar, tun kujerar ba ta zama taka ba.